Tituna sun ƙaru a Abuja, to me doka ta ce game da leburan da ya zuba kankaren?

Wani ƙaramin ɗan kwangila da ke gina gidaje a Lugbe da Kubwa ya aiko da tambaya. Ya ce duk shekara ana lissafa tituna da gadojin da aka buɗe a Abuja, ana cewa harkar gini ta bunƙasa, amma shi a wurin aikinsa birkiloli da leburori kullum kuka suke yi, shi kansa kuma riba sai raguwa take. Yana son sanin ko ci gaban da ake faɗa gaskiya ne, ko mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 ya shafe shi, da kuma abin da doka ta ɗora masa a kan ma'aikatan da yake ɗauka na yini ko na jinga.

Malam, ci gaban gaskiya ne, kukan ma gaskiya ne, kuma ba sa karo da juna. Duk wanda ke yawo a Abuja ya ga abin da aka buɗe a watannin Mayu da Yuni na 2024: gadar Wuye, babban titin kudu da aka sa wa sunan Shugaba Tinubu, titin N20 da aka sa wa sunan Wole Soyinka, gidan mataimakin shugaban ƙasa, da jirgin ƙasa na cikin gari da aka dawo da shi bayan ya shekara huɗu a ajiye. A 2025 an buɗe titin Apo zuwa Wasa, da tashoshin mota na Mabushi da Kugbo, da babban ɗakin taro na ƙasa da ƙasa bayan an yi masa kwaskwarima. Yawancin waɗannan tsofaffin kwangiloli ne da suka daɗe suna jiran kuɗi. Abin da ya motsa su shi ne cire hukumar birnin tarayya daga asusun bai-ɗaya na gwamnati a watan Oktoban 2023, wanda ya ba ta damar cin bashin banki a kan harajin da take tarawa, ta biya manyan kamfanoni a kan kari. Kamfanin da ya tabbata za a biya shi yakan kunna fitila ya yi aikin dare.

Sai dai lissafin ƙarshen shekara kilomita yake ƙirgawa da yawan gadoji. Ba ya nuna abin da ya faru da farashi. An cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayun 2023, aka saki naira a watan Yuni. Buhun siminti da ake saye ƙasa da naira 5,000 a farkon 2023 ya haura 10,000 a watan Fabrairun 2024, har sai da ministan ayyuka ya zauna da masu kamfanonin siminti aka yi maganar a mayar da shi tsakanin 7,000 da 8,000. Hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin ɗari a Disamban 2024. Rodi, gas ɗin tifa, tsakuwar Mpape, katakon Dei-Dei, babu wanda ya tsaya inda yake. Babban kamfani yana da sharaɗin sauyin farashi a takardar kwangilarsa, idan kaya suka tashi sai ya nemi a sake lissafi. Kai da ka karɓi gida a kan dunƙulallen kuɗi ba ka da wannan. Ba za ka iya rage wa Dangote ko BUA farashi ba, ba za ka iya rage wa mai tifa ba. Wuri ɗaya da ya rage maka ka matsa shi ne kuɗin hannu, wato guminsu birkila da lebura. Haka nauyin yake gangarowa daga mai gida zuwa ɗan kwangila, zuwa wanda aka yankar wa aiki, zuwa shugaban leburori, har ya sauka a kan mai ɗaukar kwano.

A aikin gwamnati ma haka ne, da ƙarin jinkirin biya. Dokar bayar da kwangila ta 2007 ta ƙayyade kafin alƙalami a kashi 15 cikin ɗari, gyaran 2020 ya ɗaga shi zuwa 30 ga 'yan kwangilar gida, kuma dokar ta ce duk kuɗin da ya wuce kwana 60 ba a biya ba bayan an tabbatar da aikin, jinkiri ne da ke jawo kuɗin ruwa. A aikace mutane kaɗan ne ke neman wannan ruwan, don ba sa son ɓata da ma'aikatar da za ta ba su aikin gobe. A 2025 an ga 'yan kwangilar gida suna zanga-zanga a ƙofar ma'aikatar kuɗi a Abuja kan bashin ayyukan da suka gama. Bayan kowane ɗaya daga cikinsu akwai kafintoci da masu ɗaurin rodi da ake ce wa su yi haƙuri.

Yanzu batun naira 70,000. An sa hannu a kan dokar a watan Yulin 2024, ta ɗaga albashin daga 30,000 na 2019, ta kuma rage wa'adin sake dubawa daga shekara biyar zuwa uku. Amma dokar tana da waɗanda ta keɓe: wurin aikin da bai kai ma'aikata 25 ba, da masu aikin wucin gadi na 'yan sa'o'i, da waɗanda ake biya gwargwadon abin da suka yi, wato jinga. To idan mutanenka na dindindin ba su kai 25 ba, ko kuma kana biyan birkila a kan kowane bulo, wannan dokar ba ta kama ka kai tsaye ba. Nan ne babban giɓin yake, domin mafi yawan masu aikin gini a Abuja cikin waɗannan rukunan suke.

Ko da ta kama ka, lissafin zai ba ka mamaki. Raba 70,000 gida 26, kwanakin aiki na wata, za ka samu kusan naira 2,700 a yini. Babu leburan da zai yi maka yinin kwaɓa a Abuja a kan wannan kuɗin yanzu. Saboda haka sai ɗan kwangila ya ce ai ni na fi gwamnati biya. Matsalar lebura ba kuɗin yini ba ce, yawan kwanakin da yake samu ne. A ce yana karɓar 5,000 a yini, amma kwana 12 kawai ya samu a watan: 60,000 ke nan. Daga ciki zai cire kuɗin mota daga Mararaba ko Masaka ko Suleja, har da na ranakun da ya fito da asuba ya tsaya a mahaɗa da shebur da diga a kafaɗa, rana ta take babu motar da ta tsaya. A watan Agusta da Satumba, lokacin da ruwa ke hana haƙar tushe da zuba kwalta, kwanakin sukan ƙara raguwa. Shi ya sa za ka tarar da mutane suna kwana a kangon da suke ginawa, a kan kwalin siminti, babu banɗaki babu ruwan sha na kirki.

Dokar da ta kama ka babu ko tantama, kuma ita ce 'yan kwangila suka fi jahilta, ita ce dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010 wadda hukumar inshorar ma'aikata ta NSITF ke gudanarwa. Ita ba ruwanta da ko mutum 25 ne ko mutum uku. Ma'anar ma'aikaci a cikinta ta haɗa da na dindindin, da na wucin gadi, da ɗan koyo, da na yini. Mai aiki ne ke biyan kashi 1 cikin ɗari na jimillar albashin wata, kuma haramun ne ya cire shi daga kuɗin ma'aikaci. Idan hatsari ya faru, ma'aikacin ko iyalinsa su sanar da kai cikin kwana 14, kai kuma ka kai rahoto ga hukumar cikin kwana 7 da samun labari. Idan rasuwa ce, nan take. Neman diyya ana shigar da shi cikin shekara guda. Hukumar na ɗaukar kuɗin magani, kuma wanda ya nakasa gaba ɗaya, ko matar mamacin da ya bar 'ya'ya biyu ko fiye, na iya samun har kashi 90 cikin ɗari na albashinsa duk wata. Kwatanta wannan da abin da aka saba: mutum ya faɗo daga hawa na biyu, a kai shi asibiti a biya kuɗin kwana biyu, a ba shi na mota ya koma gida Kano ko Katsina ko Bauchi, a ce ƙaddara ce. Ƙaddara ce, amma haƙƙinsa bai faɗi ba.

Kada ka ce ai ba ni na ɗauke shi ba, mai jingar dakin (rufin kankare) ne ya zo da shi. Dokar ta ɗora nauyin kuɗin a kan wanda ya ba da aikin da wanda ya karɓa gaba ɗaya. Idan mai jingar ya gudu, kai za a nema.

Duk wannan yana rataye ne a kan abu guda da yawancin wuraren gini ba su da shi: rajista. Hukuma ba za ta biya diyyar mutumin da babu shaidar ya taɓa yi maka aiki ba. Sayi babban littafi mai bango mai ƙarfi, ka ajiye shi a hannun foman. Kowace safiya a rubuta cikakken sunan mutum, ba laƙabi kawai ba, domin “Ɗan Zariya” da “Dogo” ba za su yi amfani a gaban hukuma ba. A rubuta lambar wayarsa, da sunan ɗan'uwan da za a kira, da sana'arsa, da kuɗin da aka yi da shi, ya sa hannu ko ya dangwala. Wanda ke da lambar zama ɗan ƙasa a rubuta ta sau ɗaya a shafin baya. Ranar biya a sake sa hannu, kuma in da hali a tura kuɗin ta asusu, ko da na OPay ko Moniepoint ne, don saƙon shaida ne. Wannan littafin yana kare ka kamar yadda yake kare su. Shi ne zai raba gardama ranar da wani ya ce kwana tara ya yi kai kuma ka ce bakwai, kuma shi ne zai tona shugaban leburorin da ke karɓar kuɗin mutum 20 alhali 15 ya kawo, ko yake yankar wani abu daga kuɗin kowa.

Dokar ƙwadago ta asali, wadda ta samo tushe tun 1974, ita ma tana aiki a kanka. Duk wanda ya kai wata uku a hannunka dole ka ba shi takarda mai bayyana irin aikinsa da albashinsa da yadda za a rabu. Sanarwar sallama kwana ɗaya ce ga wanda bai wuce wata uku ba, mako ɗaya ga wanda ya wuce wata uku bai kai shekara biyu ba, mako biyu daga shekara biyu zuwa biyar, wata ɗaya daga shekara biyar zuwa sama. Wanda ya yi shekara yana da hutun aƙalla kwanakin aiki 6 da albashi, da hutun rashin lafiya har kwana 12 idan likita ya tabbatar. Albashi ba ya wuce wata ba a biya ba, kuma ba ka da ikon yanke wa mutum kuɗi don ya fasa tayil ko ya ɓata siminti sai da amincewar jami'in ƙwadago. Yaron da bai kai shekara 15 ba kada ya yi aiki a wurin gini, ko da ubansa ne ya zo da shi yana ɗebo masa ruwa. Dabarar da wasu kamfanoni ke yi ta sallamar mutum kafin ya cika wata uku a sake ɗaukarsa sabo, ya shekara biyar yana “na wucin gadi”, ba ta da tabbas a gaban kotun ma'aikata ta ƙasa, domin kotun na duba ainihin dangantakar aikin, ba sunan da aka laƙaba mata ba.

Fansho ya wajaba a kan kamfani mai ma'aikata 15 zuwa sama: kashi 10 daga mai aiki, kashi 8 daga ma'aikaci, da inshorar rai ta ninki uku na albashin shekara. Asusun horar da ma'aikata na ITF, wanda aka kafa a 1971 kuma hedikwatarsa ke Jos, yana karɓar kashi 1 na albashin shekara, kuma kana iya neman a mayar maka da har rabinsa idan ka horar da mutanenka ta hanyar da suka amince. Ko ba ka kai adadin da ya wajabta maka ba, ranar da ka nemi kwangilar gwamnatin tarayya za a tambaye ka takardun shaidar fansho da ITF da NSITF. Abin takaici, da yawa sukan yi rajistar mutum uku na ofis don su samu takardar, a bar mutum 40 da ke cikin rana.

Ka haɗa lissafin: 10 na fansho da 1 na NSITF da 1 na ITF, kashi 12 ke nan a kan albashi. A kan 70,000 ya zama 8,400. Idan ba ka sa wannan a cikin farashinka tun ranar da kake lissafin kwangila ba, ba za ka taɓa biyan sa ba, domin daga ribarka zai fito. Haka kayan kariya: hular kwano, takalmin roba mai tsawo da safar hannu ga masu kwaɓa saboda siminti na cin fata, abin rufe hanci ga mai yankan tayil, igiyar ɗaure jiki ga mai aikin rufi, akwatin magani, ruwan sha, banɗaki. Ka ware musu layinsu a takardar farashi, mai gida ya gani da idonsa. Gini mai hawa sama da biyu kuma tun dokar inshora ta 2003 ba a yarda a ɗora shi ba tare da inshorar da za ta ɗauki nauyin ma'aikata da maƙwabta ba. A ganina gyaran da ya fi dacewa gwamnati ta yi shi ne ta mayar da waɗannan kuɗaɗen tsayayyen layi a kowace kwangila, wanda ba a yin gasa a kansa. Muddin mafi araha ne ke cin kwangila, mai bin doka ne zai riƙa faɗuwa.

Jinga ba laifi ba ce, kuma masu sana'a da yawa sun fi son ta. Amma ka san abin da take haifarwa. Birkilan da ake biya a kan kowane bulo sauri yake yi: zai daina duba igiya da ma'aunin ruwa, ya bar tsakanin bulo babu wadataccen kwaɓi, sai filasta ta cinye maka simintin da ka yi zaton ka tsira da shi. Masu zuba dakin da aka yi jinga da su a dunƙule suna son kankaren ya yi ruwa-ruwa don ya yi sauƙin ɗauka a kwano da bajewa, kuma yawan ruwa shi ne babban abin da ke kashe ƙarfin kankare. Haɗin 1:2:4, wato buhu ɗaya na kilo 50 da kwano huɗu na yashi da takwas na tsakuwa, yakan koma wani abu daban da yamma idan mutane sun gaji kuma babu mai ƙirga. Mai ɗaurin rodi zai manta da 'yan biskit ɗin siminti da ke ɗaga rodi milimita 25 daga katako, rodin ya kwanta a ƙasa, bayan 'yan shekaru tsatsa ta fasa dakin. Kafinta na son cire katakonsa ya kai wani aikin, alhali tokaran dakin na buƙatar mako biyu zuwa uku, kuma kankare ba ya kai cikakken ƙarfinsa sai kwana 28. Ban ruwa na aƙalla kwana 7 kuwa, wanda ya fi muhimmanci a lokacin hunturu da zafin Maris, ba ya cikin jingar kowa, sai a bar wa mai gadi.

Maganin shi ne a rubuta jingar, ko da shafi ɗaya ne da Hausa. A faɗi yawan aikin, da wanda zai kawo kayan aiki, da matakan biya, a kuma riƙe kashi 5 zuwa 10 sai injiniya ya duba. A ware lebura ɗaya na yini don ban ruwa kawai. Ranar zuba dakin a biya masu kwaɓa kuɗin yini da ƙari, a ƙara yawansu, a sa mutum ɗaya mai ƙirga kwano a bakin inji. Idan da azumi ne a fara bayan sallar asuba ko a yi aikin dare da fitila. Gine-ginen da suka rushe a Gwarimpa da Garki a 2023, da makarantar Busa Buji a Jos da ta hallaka mutum 22 ranar 12 ga Yulin 2024, sun isa tunatarwa cewa ƙarin hawa ba tare da lissafi ba, da rashin injiniya mai rajistar hukumar injiniyoyi ta COREN da magini mai rajistar hukumar magina ta CORBON a wurin aiki, rayuka suke ci.

Game da ƙarancin ƙwararru, za ka ji masu gidaje a Guzape da Katampe suna neman mai tayil ko mai silin daga Togo da Benin. Ba don hannun namu bai iya ba ne. Can ɗan koyo yakan yi shekaru a ƙarƙashin maigida har a yaye shi, nan kuwa yaro na yin wata shida ya sayi cokalin gini ya ce shi birkila ne, wanda ya ƙware kuma idan aiki ya tsaya wata biyu sai ya koma acaba ko tuƙin Keke. Shirin horar da masu sana'a da ITF ta ƙaddamar a 2024 zai taimaka da takardar shaida, amma abin da ke riƙe gwani shi ne aiki mai ɗorewa. A manyan kamfanoni, ƙungiyar ma'aikatan gini ta NUCECFWW da ƙungiyar masu kamfanoni ta FOCI suna zama su yi yarjejeniya kan albashi da alawus da kuɗin sallama, kuma idan za a rage ma'aikata doka ta ce a sanar da ƙungiya, a fara da wanda ya zo ƙarshe. Wannan yarjejeniyar ba ta iso Lugbe ba, amma kana iya aron tsarinta daidai ƙarfinka.

Ka zaɓi mutum biyar ko shida da aikinka ya dogara a kansu, foman da birkila biyu da kafinta da mai rodi, ka ba su takarda da albashin wata, ka yi musu rajistar NSITF tare da kiyasin leburorin yini. Waɗanda ba su shiga fansho na kamfani ba ka nuna musu ƙaramin tsarin fansho na masu sana'ar hannu da aka buɗe a 2019, wanda mutum ke zuba abin da ya samu ta waya. Ka tsara aikinka yadda haƙa da tushe da dakin za su faɗo a rani, filasta da tayil da wayarin da fenti na ciki su faɗo a damina. Ranar da ruwa ya hana aiki bayan mutane sun riga sun iso, a biya su kuɗin mota da rabin yini, a rubuta hakan a littafin tun ranar farko.